Cape Fear na 1962 ko na 1991: wanne za a fara kallo?

Ɗan uwa, ka ce ka ci karo da fim biyu masu suna Cape Fear, kana tambaya wanne ya fi, kuma ko za a iya zama a kalla da iyali. Ni dai shawarata ka fara da tsohon, na 1962, mai hoto baƙi da fari. Na 1991 kuwa ka bari sai yara sun yi barci.

Tushen labarin ɗaya ne, duka daga littafin John D. MacDonald aka ɗauko su. Max Cady ya fito daga kurkuku, ya sauka a garin da lauya Sam Bowden yake zaune da matarsa da 'yarsa, ya shiga bibiyarsu. Da farko ba ya fasa ƙofa, ba ya taɓa kowa a gidan. Sai dai a ɗaga kai a gan shi tsaye a tsallaken titi yana murmushi. Karen gidan ya mutu da guba, kowa ya san mai aikin, amma babu shaida. 'Yan sanda kuma suka ce ba su da hurumin tsare mutum kan laifin da bai riga ya aikata ba.

Inda suka rabu shi ne alhakin da ke wuyan lauyan. A na 1962, wanda J. Lee Thompson ya ba da umarni, Bowden (Gregory Peck) shaida kawai ya bayar. Ya tarar da Cady yana cin zarafin wata mata, ya faɗi gaskiya a kotu, aka ɗaure shi shekara 8. Martin Scorsese ya juya wannan a 1991: Bowden (Nick Nolte) shi ne lauyan da aka ba shi ya kare Cady, sai ya ɓoye wani rahoto da zai iya sassauta masa hukunci, mutumin ya share shekara 14. Cady bai iya karatu ba lokacin shari'ar. A ɗaure ya koya, ya duƙufa kan littattafan doka har ya gano abin da aka yi masa. Ga shi kuma gidan lauyan dama da ɓaraka, zargi tsakanin miji da mata, 'ya ta gaji da rigimarsu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mutane da yawa suna cewa wannan ya sa sabon ya fi zurfi, kuma ban ƙi ba. Amma tsohon ya fi taɓa min zuciya. Mutum ya yi abin da ya dace, ya tsaya ya ba da shaida, ga shi lauya da ya yi imani da doka, doka kuma ta kasa kare masa 'ya. Kana kallo yana zamewa sannu a hankali: ya nemi alfarmar shugaban 'yan sanda, ya ɗauki mai bincike mai zaman kansa, ya yi tayin kuɗi, har ta kai shi ga hayar 'yan daba. Bai cancanci ko ɗaya daga cikin wannan ba, shi ya sa tsoron yake shiga jiki.

Sai batun Cady kansa. Robert Mitchum, wanda ya fito a Cady na 1962, bai cika ɗaga murya ba. Farar hula, sigari a baki, idanu kamar mai jin barci, magana a hankali. Masu tace fina-finai na lokacin ba su bari a ambaci fyaɗe da sunansa ba, don haka kallon da yake yi wa yarinyar shi ke faɗin komai. A cikin kwale-kwalen kwana, ya fasa ɗanyen ƙwai a hannunsa ya shafa wa matar lauyan (Polly Bergen) a jiki. Babu jini ko ɗigo, amma sai tsigar jikinka ta tashi. Robert De Niro kuwa, Cady na 1991, jiki duk zane, ayoyin Baibul, ga sikelin adalci a gadon baya. Ya yi ƙoƙari matuƙa, sai dai daga lokacin da ya maƙale a ƙarƙashin motarsu har bakin kogi, ya fara fita daga sahun mutane, tsorona kuma ya ragu.

Wuri ɗaya sabon ya yi wa tsohon fintinkau. Cady ya yi shigar malamin wasan kwaikwayo, ya jawo yarinyar, mai shekara 15, zuwa zauren makaranta babu kowa. Bai yi mata barazana ba. Saurarenta ya yi, ya nuna mata shi kaɗai ya fahimce ta, har ta saki jiki. Duk mai 'ya budurwa ya kamata ya ga yadda mayaudari ke aiki. Juliette Lewis, wadda ta fito a yarinyar, da De Niro duk sun shiga takarar Oscar da wannan fim.

In ka fara da tsohon, za ka gane Peck da Mitchum in sun sake fitowa a sabon, sun yi musayar ɓangare: Mitchum ɗan sanda, Peck lauyan Cady. Kiɗan ma na tsohon ne, na Bernard Herrmann, Elmer Bernstein ya sake tsara shi.

Game da iyali, na 1991 akwai cizo, duka da zubar jini ƙarara, bai dace da yara ba sam. Na 1962 ma ba na ƙanana ba ne, amma kai da uwargida da manyan yara za ku iya zama ku kalla.