A nan janar-janar sun koma filayen shan iska

Salamu alaikum 'yan uwa, ya gida ya iyali? Yaya Babba ka ce in ba ku labarin abin da ya fi burge ni a Washington, to wallahi ba manyan shaguna ba ne, kananan filayen shakatawa na cikin unguwanni ne, kuma kusan duk wanda ka taka sunan soja ne a kansa.

Akwai Farragut Square, sunan wani babban hafsan sojan ruwa, akwai McPherson Square na wani janar da aka kashe a yakin Atlanta a 1864, ga Logan Circle, Thomas Circle, Sheridan Circle, Dupont Circle, yawancinsu mutanen yakin basasar Amurka ne na 1861 zuwa 1865, wasu an kafa musu mutum-mutumi bisa doki a tsakiya. Shi Logan din ma shi ya ba da umarni a 1868 a ware ranar tunawa da sojojin da suka mutu a yakin. Amma abin da na ke so ku gane, sunan ba kawai allo ba ne, da aiki ya zo. Benci, ciyawa a aske, bishiyoyi, kwandon shara, fitila da dare, ba maigadi ba kudin shiga, hukumar kula da wuraren shakatawa ta tarayya ce ke rike da yawancinsu. A Dupont akwai tebura na dutse dattawa na buga ces, wato darar Turawa, a Farragut ma'aikata ke fitowa cin abincin rana, kuma jirgin karkashin kasa har gindin wurin yake sauke ka.

Mu ma ai ba a bar mu a baya ba wajen suna, Murtala Muhammad da Ibrahim Taiwo da aka kashe a 1976 duk suna da tituna, ga barikin Maimalari, ga filin wasa na Sani Abacha, sai dai namu titi ne da bariki da filin jirgi, wurin da tsohuwa za ta zauna jikoki su yi guje-guje kam da wuya. Kuma duk manya ne. A nan kan titin U akwai bango da aka zana sunayen bakar fata sama da 200,000 da suka yi wancan yakin, har da kurata.

Kar ku dauka aljanna ce fa. A McPherson marasa muhalli sun kakkafa tantuna har sai da aka tashe su a 2023, beraye kuwa ba a magana. Sunan ma rigima ne, a Arlington da ke makwabtaka an cire sunan Janar Lee daga babban titi a 2021 saboda bangaren masu bautar da bayi ya yi wa yaki, yanzu Langston Boulevard ake ce masa, tsofaffin direbobi har yau tsohon sunan ke fita a bakinsu.

A gaida Inna da yara.