Kayan Ɗura Harsashi na RCBS Rock Chucker Supreme: Ƙarfinsu da Giɓinsu ga Sabon Shiga

A Amurka, maharba da masu wasan harbi da yawa ba sa zubar da kwanson harsashi bayan sun harba, domin kwanson tagulla ne, ana iya sake ɗura shi sau da dama kafin ya tsage. Dokar tarayyar ƙasar ta bar mutum ya yi wannan aiki a gidansa don amfanin kansa, amma sayarwa sai da lasisi. Wanda yake Najeriya kuwa ya sani cewa dokar bindigogi ta 1959 ta hana haɗa harsashi ba tare da izinin hukuma ba, saboda haka wannan bita ta shafi mazauna inda doka ta yarda ne kawai.

Kayan da aka fi nuna wa sabon shiga su ne na kamfanin RCBS, wanda Fred Huntington ya kafa a garin Oroville na jihar Kalifoniya a 1943, kuma kamfanin albarushi na Hodgdon ya saye shi a 2024. A akwati ɗaya ake sayar da su, kuma jigon akwatin shi ne injin matsi na Rock Chucker, koren ƙarfen zubi mai nauyi da ake ɗaure shi da kusoshi a gefen tebur. Aiki ɗaya yake yi a kowane jan hannu, wato sai mutum ya gama mayar da duk kwansunansa girmansu na asali kafin ya sauya ƙarfen da ke bisa injin ya koma mataki na gaba. Wanda ya saba ganin injunan kamfanin Dillon, masu fitar da cikakken harsashi a kowane ja, zai ce wannan tafiyar hawainiya ce. A ganina jinkirin nan shi ne babban abin da mai koyo yake saya da kuɗinsa. Haɗarin sana'ar biyu ne: kwanson da aka zuba wa albarushi sau biyu, wanda zai iya fasa bindiga a hannun mai ita, da kwanson da aka manta ba a zuba masa ba, wanda zai bar dalma maƙale a cikin bututun bindiga ta jira harbi na gaba. Idan kwansuna suna jere a kan allonsu, baki a sama, ido zai bi su ɗaya bayan ɗaya ya ga wanda ya fita daban, abin da injin gaggawa ba ya ba sabon shiga sararin yi.

Sikelin da ke cikin akwatin na hannu ne, ba ya buƙatar batir, kuma wannan ya dace, domin ana auna albarushi da giren, wanda 7,000 daga cikinsa ne ke yin fam ɗaya, don haka kuskuren da ido ba zai gani ba yana iya ɗaga matsin da ke cikin bindiga ya wuce iyakar da SAAMI, ƙungiyar masu ƙera bindigogi da harsasai ta Amurka, ta gindaya. Na'urar zuba albarushi ta Uniflow tana da daidaito da albarushi mai laushi, sai dai da mai dogayen ƙwayoyi takan ɗan cije, saboda haka dole a riƙa tabbatarwa da sikeli. Akwai kuma mazurari, da man shafa kwanso, da abin gyara bakinsa, da littafin jagora mai ɗauke da ma'aunan albarushi da aka gwada a ɗakin gwaji, waɗanda su kaɗai ya kamata a bi, ba abin da wani ya rubuta a intanet ba.

Inda kamfanin ya gaza shi ne akwatin bai cika ba, ko da yake sunansa yana sa mai saye ya zaci ya gama kashe kuɗi. Babu ƙarafan da ake ɗaurawa bisa injin, waɗanda kowane girman harsashi yake da nasa, babu mariƙin gindin kwanso, babu ma'aunin tsawo, babu abin rage kwanson da ya ƙara tsawo. Rashin ma'aunin tsawo ne ya fi damuna, domin aikin ba ya yiwuwa lafiya ba tare da shi ba. Sannan a tanadi tabarau na kariya da wuri mai iska, a riƙa wanke hannu, saboda akwai gubar dalma a ƙurar tsofaffin kwansuna.

Batun cewa ɗura harsashi a gida ya fi sayensa araha kuma ba shi da tabbas. Tun ƙarancin kayan ɗuri na 2020 farashinsu ya hau, har mai harsashi gama-gari irin 9mm zai daɗe bai mayar da kuɗinsa ba, sai dai mai bindigar farauta da harsashinta ke da tsada ko wuyar samu. Kamfanin Lee na jihar Wiskonsin yana da akwati mai rahusa sosai, injinsa na alminiyam ne, kuma yana aiki. Wanda yake gwaji ne kawai ya fara da Lee, amma wanda ya tabbata zai daɗe a harkar ya ɗauki Rock Chucker, ya kuma ware kuɗin abubuwan nan huɗu da ba a saka ba tun ranar da zai biya.