Ma'aunin 1/72 ko 1/48: Wanne Ya Fi Dacewa da Gloster Gladiator?

Gloster Gladiator, jirgin yaƙi mai fukafukai hawa biyu, ya shiga rundunar sojan sama ta Birtaniya a 1937, kuma faɗin fukafukansa mita 9.8 ne. Ƙaramin samfurinsa na roba a ma'aunin 1/72 (wato an rage girman jirgin sau 72), irin na kamfanin Airfix, faɗinsa bai kai santimita 14 ba, yana da araha, kuma ba ya cin wuri. Na 1/48, irin na Roden, ya ɗan haura santimita 20.

Bambancin ya fi fitowa wajen wayoyin da ke ɗaure fukafukan. Sai an huda ƙananan ramuka, a zura zaren nailan siriri kamar gashi, a ja shi ya miƙe, sannan a ɗiga masa gam. A 1/72 zaren yakan yi kauri fiye da kima, hantsaki ma da ƙyar yake shiga tsakanin fukafukan. A 1/48 hannu yana samun sarari, sai dai ɗigon gam ko sandar tsakanin fukafukai da ta karkace ba sa ɓuya. A ganina, mai son kujerar matuƙi da injin Bristol Mercury su fito sarai gara ya ɗauki 1/48.