Kafin ka sayi faifan tsofaffin fina-finan kaboyi

Mai neman tsofaffin fina-finan kaboyi waɗanda aka yi da ƙaramin jari zai tarar da kaya iri uku a gabansa, kuma ba kowanne ne ya cancanci kuɗinsa ba. Na farko su ne na shekarun 1930 da 1940, waɗanda ƙananan kamfanonin Amurka irin su Monogram da Republic suka riƙa fitarwa kamar ana toya waina, yawancinsu ba su wuce awa guda ba. A cikinsu akwai na kaboyi mawaƙa, Gene Autry da Roy Rogers, amma jarumin da zai saki bindiga ya rungumi jita bai taɓa burge ni ba. Na biyu su ne na Italiya na shekarun 1960, masu yawan ƙura da zubar da jini, kuma masu kyau a cikinsu ba su taka kara sun karya ba.

Zaɓina shi ne na uku, wato fina-finai bakwai da Budd Boetticher ya ba da umarni, Randolph Scott ya fito a jarumi, daga 1956 zuwa 1960. Kusan dukansu ba su haura minti 80 ba, kuma huɗu mafiya kyau Burt Kennedy ne ya rubuta labarinsu, aka ɗauke su a tsakanin duwatsun Lone Pine da ke Kalifoniya. Ƙarancin kuɗi ya hana su tara jama'a, sai aka wayi gari mutum biyar ko shida da dawakansu sun riƙe fim daga farko har ƙarshe. Scott yana dab da shekara sittin a lokacin, fuskarsa ta bushe kamar ƙirgi, maganarsa kaɗan, sannan bos ɗin kan zama mutum mai daɗin baki wanda har sai ka ji ba ka son a kashe shi. Wanda zai sayi guda ɗaya tak ya nemi Ride Lonesome na 1959, ko don ya ga busasshiyar bishiyar nan da aka rataye matar jarumin a kanta tana ci da wuta a ƙarshe.

Sai dai a nan ne gizo yake saƙa. An ɗauki wannan fim da Comanche Station, wanda shi ma yana cikin bakwai ɗin nan, a faffaɗan hoto na CinemaScope, amma wasu faifai sun datse gefe da gefe domin hoton ya cika tsohuwar talabijin, har ka riƙa jin muryar mutum ba ka ganinsa. Ni kaina na taɓa sayen wani faifai mai fim ashirin a hannun wani mai shago, bangonsa ɗauke da hoton John Wayne ya dattijanta, da na je gida sai na tarar da fina-finansa ne na ƙuruciya na 1933 zuwa 1935, hoton ya yi dishi-dishi, sautin kamar ana soya gyaɗa. Irin waɗannan ba su da sauran haƙƙin mallaka, don haka kowa ma yana iya kwafarsu ya canja musu suna, wani lokaci har a shafa musu launin da ba nasu ba.

Haka nan sunan Django ya zama tarko. Na asali shi ne fim ɗin Italiya na Sergio Corbucci na 1966 wanda Franco Nero ya fito a ciki, amma an liƙa wa fina-finai fiye da talatin wannan suna alhali ba su haɗa komai da shi ba. Saboda haka a duba sunan mai ba da umarni da shekara da yawan mintuna a bayan kwali, domin an yanke yawancin na Autry da Rogers zuwa kimanin minti 54 saboda talabijin. A kuma duba lambar yanki, wato lambar da ke nuna sashen duniyar da aka yi faifan DVD dominsa, tunda faifan Amurka yanki na 1 ne, Nijeriya da Nijar kuwa suna na 5, kuma ba kowace na'ura ce take karɓar duka biyun ba. Idan mai shago ya ƙi yarda a saka faifan a gwada a gabanka, ka mayar da kuɗinka aljihu.