Community na WhatsApp, ga masu tafiyar da ƙungiya

Jama'a duk mai riƙe da ƙungiya, ta unguwa ce ko ta 'yan kasuwa, ina ba shi shawara ya gwada Community ɗin nan da WhatsApp suka fito da shi a ƙarshen 2022, wato tsarin da ke haɗa guruf da yawa a ƙarƙashin inuwa ɗaya. Mu a ƙungiyar unguwarmu da shi muka haɗa aikin yashe kwalbati kafin damina, kuma wallahi ya yi mana rana.

Da guruf ɗaya gare mu, kowa na ciki, tunda guruf yana ɗaukar har mutum 1,024, to sai sakatare ya saka sanarwar mitin kafin ka ankara barka da Juma'a da bidiyon siyasa da tallan atamfa sun binne ta, ranar aiki kuma kowa ya ce ai bai gani ba. Yanzu akwai ɗakin sanarwa wanda admin kaɗai ke magana, sauran kuma aka raba su ƙananan guruf, na kuɗi daban, na matasa masu shebur daban, na dattawa daban.

Rabawar nan ita ce ta fi burge ni. Wani masanin tattalin arziki na Amurka, Mancur Olson, tun 1965 ya yi bayanin cewa idan taro ya yi yawa kowa sai ya naɗe hannu, don ya san ko bai ba da sisi ba ruwa zai wuce ta ƙofar gidansa in an yashe. Haka ɗin ne kuwa. A guruf na layi ɗaya da ma'aji ke saka sunan wanda alat ɗinsa ya shigo duk yamma, ci-ma-zaune ba shi da wurin ɓuya, maƙwabcinsa na kallo.

Wajen ƙuri'ar da ake kaɗawa a cikin guruf ne dai sai an yi hattara. Kowa na iya ganin abin da kowa ya zaɓa, don tsayar da ranar aiki lafiya lau ne, amma in maganar canza shugaba ce ko binciken kuɗi, da zarar Alhaji ya danna nasa yara za su bi shi saboda kunya. Irin wannan mu takarda muke naɗewa a mitin.

Sannan dattawan da ke riƙe da ƙaramar waya ba sa ciki, dole a wakilta yaro ya riƙa kai musu saƙo bayan sallar Magariba. Kyauta ne, data kawai za ka saya, ni na ba shi huɗu cikin biyar.