Wace hular kwano ya kamata mai hawa acaɓa a Abuja ya saya?

Tun 2006 aka hana acaɓa shiga tsakiyar birnin Abuja, amma a Nyanya, Karu, Kubwa da Lugbe har gobe babur ne ke kai mutane bakin titi. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fara tilasta sa hular kwano a Janairun 2009, duk da haka fasinja da yawa na ƙin ta ɗan acaɓa saboda gumin wani, kwarkwata ko makero. Ƙyamar tana da hujja, kuma maganinta ka mallaki taka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hula mai inganci da aka ɗaure daidai tana rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da abin da zai iya kaiwa kashi 74 cikin ɗari.

Hular 'yan gini, ka fitar da ita daga lissafi. An yi ta ne don abin da zai faɗo daga sama, ba ta da soson da zai shanye bugun kwalta. Hular keke kuma, mai lambar EN 1078, ta mai keke ce da mai ƙaramin sikuta na lantarki, ba ta isa gudun babur ba.

Zaɓin gaskiya biyu ne. Mai buɗaɗɗiyar fuska tana rufe kai da kunnuwa da ƙeya, ba nauyi, iska na shiga, ta fi daɗi a zafin Maris da Afrilu. Aibinta haɓa da haƙora a waje suke, alhali mutum kan faɗi ne ta fuska. Mai rufe fuska gaba ɗaya ta fi nauyi da tsada, tana kuma tara gumi, amma ita nake ba masu kai saƙo da duk mai bin babban titi shawarar saya. Ga ta da tare ƙurar hunturu. Sai dai gilashinta ya zama fari, don baƙi kan hana gani bayan magariba.

A shago, kada ƙyalli ya ruɗe ka. Ɗaga ƙyallen ciki ka duba farin soso mai tauri, irin na kwalin firji. Kaurinsa ya kai wajen santimita 2 da rabi. In soso mai laushi kawai ka tarar, ajiye ta. Duba madauri kuma: hula mai shaidar Turai tana da tambarin E da lamba cikin da'ira, ɗinke a jikinsa, ƙa'idar ECE 22.05 ko 22.06. Sitikar DOT, shaidar inganci ta Amurka, a bayan hula kowa na iya mannawa, ita kaɗai ba hujja ba ce.

Auna kanka da tef ɗin tela, kaɗan sama da gira: santimita 57 zuwa 58 yawanci M ne, 59 zuwa 60 L. Mace ta gwada da hijabinta, ba fil, ba tulin ɗauri a ƙeya; namiji ya cire hularsa ta gida. Ɗaure madauri har yatsa biyu kaɗai ke shiga ƙarƙashin haɓa, sannan a kama bayan hular a turo ta gaba. In ta zame, ta yi girma.

Ta gwanjo ba na goyon baya. Soson nan sau ɗaya yake aiki, da zarar ya sha bugu ya matse ke nan, ko da waje bai nuna tsaga ba. Taka ma, in ka faɗi da ita ko ta kai shekara 5, a sauya.