Kuloci na zamewa bayan an ƙara wa inji ƙarfi: wanne za ka saya?

Golf GTI Mk7 mai giyar hannu, wadda Volkswagen ta fara sayarwa a 2013, ta fito da ƙarfin juyi Nm 350 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin juyin inji), kuma kulocinta daidai wannan nauyin aka auna shi, sai ɗan rara kaɗan. Da zarar an taɓa kwamfutar injin, turbo ya fara hura iska fiye da da, rarar nan ta ƙare. Shi ya sa masu wannan mota suka saba da kukan zamewar kuloci.

Amma kafin ka zaro kuɗi, tabbatar shi ne. Hau titi miƙaƙƙe, sa giya ta huɗu ko ta biyar, injin na juyi kamar 2,000, ka take totur har ƙasa. In allurar juyin inji ta yi sama, gudun mota kuwa bai ƙaru ba, to yana zamewa. Wani lokaci har ƙauri za ka ji. Sai dai zamewa ba kullum ne cinyewar faifai ba. Sil, wato robar da ke tare mai, na bayan inji ko na bakin giya in ya fara yoyo, mai zai jiƙa faifan, kuma ko sabo ka sa, haka zai lalace. Ka ce wa bakanike ya duba wannan, ya duba famfon kuloci ko yana sakin matsi gaba ɗaya.

Sayen irin na kamfani shi ne mafi arha, kuma a ganina asara ce in ba za ka mayar da injin yadda yake ba. Zai sake zamewa, kuɗin sauke giya sau biyu za ka biya.

Mafi yawan mutane abin da ya dace da su shi ne cikakken faifai mai fatar da aka saba, haɗe da murfin matsi mai ƙarfi, irin wanda Sachs Performance ko South Bend ke yi. Yana kamawa a hankali, tashi ba fizga, ƙafa ce kawai za ta ɗan ji nauyi. Raunin sa zafi ne: mai yawan tashi da ƙarfi zai ƙona shi. Kada kuma ka zaɓi murfi mafi tauri don burga, domin kowane taki yana tura sandar inji gaba, yana cin abin da ke tare ta.

Sai faifai mai kunnuwa huɗu ko shida, na garin ƙarfe da tangaran. Yana jure zafi, yana riƙe ƙarfi sosai, amma ba shi da tsaka-tsaki: ko ya kama ko ya saki. A filin tsere abin so ne. A cunkoson gari kuwa, kafin ka isa gida ka yi nadama, ga shi yana cin fuskar fulawil, wato faifan ƙarfen inji da kuloci ke kamawa, da sauri. Mai faifai biyu ya fi su duka riƙo ba tare da taurin ƙafa ba, tsadarsa ce sai wanda ya canza turbo zuwa babba.

Maganar fulawil ma a yi ta tun an sauke giya. Na asali mai ɓari biyu ne, yana shanye girgiza. Mai ɓari ɗaya ya fi sauƙin nauyi, inji na tashi da wuri, amma giya za ta riƙa yin ƙara in mota na tsaye.

Wurin saye, lambar ƙarfin juyi za ka duba, ba ta ƙarfin doki ba, ka ɗauki wanda ya ɗara abin da injinka ke bayarwa. In an ɗaura, yi kamar kilomita 800 na tuƙin cikin gari a hankali kafin ka take totur da ƙarfi.